Kalmar "Gay" da Waƙoƙin Masu Son Jinsinsu

Gay kalma ce ta Turanci wadda a yau take nufin namiji mai son namiji, wani lokaci kuma a faɗaɗa ta ta haɗa da mace mai son mace. Ita ce harafin G a gajeren sunan nan LGBTQ. Wannan ma'ana ba ta cika shekara ɗari da fitowa fili ba, alhali kalmar ta haura shekara 600 a bakin mutanen Ingila tana nufin mai fara'a, mai walwala, ko tufa mai ɗaukar ido. Tarihinta ya sarƙe da na rubutacciyar waƙa ta fuska biyu. Akwai tsofaffin waƙoƙin da kalmar take ciki amma ba abin da ake nufi yau suke nufi ba. Akwai kuma waɗanda abin yake ciki, kalmar ce babu.

Asali da ma'anar farko

Daga tsohon Faransanci Turanci ya aro ta, cikin tarin kalmomin da suka shigo bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Zuwa ƙarni na 14 ta zauna daram, har sha'irin Ingila Chaucer yana siffanta mutane da tufafinsu da ita. A kudancin Faransa ma da waƙa aka san ta: a 1323 wasu mutum bakwai a birnin Toulouse suka kafa ƙungiyar raya fasahar waƙa, fasahar da suke kira gai saber, wato ilimin nishaɗi. Daga nan masanin falsafar Jamus Nietzsche ya ɗauko sunan littafinsa na 1882.

Da wannan ma'ana William Wordsworth ya yi amfani a waƙarsa ta furannin bakin tafki, wadda aka buga a 1807, inda ya ce duk sha'irin da ya samu kansa cikin irin wannan taron furanni dole ya zama gay, wato dole ransa ya yi fari. W. B. Yeats ya ɗora mata nauyin da ya fi haka a waƙar "Lapis Lazuli" da ta fito a 1938, lokacin da Turai take jin ƙanshin yaƙi. Yana kallon wani sassaƙen dutse mai hoton wasu 'yan Sin suna hawan tsauni, sai ya rufe waƙar da idanunsu, tsofaffi masu ƙyalli, ya ce su gay ne. A wurinsa kalmar na nufin sakin fuskar wanda ya ga masifa ido da ido bai karaya ba.

Sai dai tun ƙarni na 17 kalmar take da wata fuska a bayan fage. Mai yawan walwala ba ya nisa da mai holewa, don haka aka fara kiran mashaya da manema mata da ita. A ƙarni na 19 macen da aka ce gay ce karuwa ake nufi. Mujallar barkwanci ta Punch ta buga wani zane a 1857: mata biyu a titin Landan da tsakar dare, fuska a murtuke, ɗaya tana tambayar ɗaya tun yaushe ta zama gay. Abin dariyar, in dariya ce, shi ne babu alamar fara'a ko ɗaya a fuskokinsu.

Waƙar da ba ta da suna

Waƙar son jinsi ta girmi duk sunayen da ake kiranta da su. Sappho ta rayu wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa a tsibirin Lesbos na Girka, kuma daga sunan tsibirin aka samo kalmar lesbian. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, Abu Nuwas ya shahara da waƙen giya da na begen samari, abin da malaman adabin Larabci suka ware wa babi na kansa. Babu ɗaya cikinsu da ya ɗauki kansa ɗan wata jama'a ta daban mai suna, kuma masana da dama suna jan kunne kan liƙa wa mutanen da sunan da aka ƙirƙira bayansu. Ita kanta kalmar homosexual sai a ƙarshen shekarun 1860 Karl-Maria Kertbeny ya ƙago ta da Jamusanci.

Abin da ya fi bayyana damuwar masu ɗab'i shi ne yadda suka riƙa taɓa wakilin suna. A 1623 wani jikan ɗan'uwan Michelangelo, mai sassaƙa kuma sha'irin Italiya, ya buga waƙoƙin kakan nasa, ya mayar da "shi" ya koma "ita" a inda ake begen namiji. Sai a ƙarni na 19 aka koma ga rubutun asali, John Addington Symonds kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1878. Waƙoƙin Shakespeare 154 da aka buga a 1609, waɗanda 126 na farko akasarinsu da wani saurayi suke magana, sun gamu da makamancin haka a bugun John Benson na 1640.

Turanci yana da wata mafaka da Hausa ba ta da ita. Kalmar you ba ta nuna namiji ko mace, don haka sha'iri yana iya cika diwani da bege ba tare da an gane wa yake nufi ba. W. H. Auden ya yi haka a waƙar "Lullaby" ta 1937. Duk wanda zai mayar da ita Hausa, tun ɗangon farko sai ya zaɓa: "kanka" ko "kanki". Abin da marubucin ya rufe, nahawun Hausa zai tone shi.

Walt Whitman na Amurka, a sashen "Calamus" na bugun 1860 na Leaves of Grass, ya yi ta ambaton ƙaunar abokan tafiya. Da Symonds ya matsa masa da tambaya a wasiƙa a 1890, sai ya musanta da ƙarfi, har ya ce yana da 'ya'ya shida, 'ya'yan da ba a taɓa samun shaidarsu ba. Ba a banza ya ji tsoro ba. A Ingila dokar 1885 ta haramta duk wata mu'amala irin wannan tsakanin maza, kuma a 1895 aka karanta wa marubuci Oscar Wilde wani ɗango na Lord Alfred Douglas a gaban alƙali, wanda yake magana kan soyayyar da ba ta iya faɗin sunanta. An yanke wa Wilde ɗaurin shekara biyu da aiki mai tsanani.

Daga zaurance zuwa tuta

A irin wannan yanayi kalma mai fuska biyu abar nema ce. Masanin tarihi George Chauncey ya nuna cewa a New York ta shekarun 1920 da 1930 mazan da ke wannan harka suna amfani da gay kamar zaurance: mutum ya tambayi baƙo ko ya san wani wuri mai gay a gari, wanda ya gane ya gane, wanda bai gane ba ya ɗauka wurin nishaɗi ake nema. Gertrude Stein, wadda ta zauna da Alice B. Toklas a Paris, ta buga "Miss Furr and Miss Skeene" a 1922, labarin mata biyu da ke zaune tare, ta maimaita kalmar fiye da sau ɗari har ta fara amo kamar amshin waƙa. Har yanzu ana gardama ko sabuwar ma'anar ta nufa. Wanda ya karanta da kyau zai yi wuya ya yarda cewa duk maimaicin nan na banza ne.

Allen Ginsberg ya yar da zaurancen a diwaninsa Howl, wanda aka buga a San Francisco a 1956. An kai mai ɗab'in kotu bisa zargin batsa, alƙali Clayton Horn ya wanke littafin a 1957. Daga nan abubuwa suka yi sauri. Ingila da Wales suka sassauta dokarsu a 1967. A ranar 28 ga Yuni 1969 rikici ya ɓarke a mashayar Stonewall ta New York, matattarar masu son jinsinsu, aka kafa ƙungiyar Gay Liberation Front. Masu fafutukar sun zaɓi gay ne don homosexual tana warin asibiti da kotu. Jaridar New York Times ba ta amince da kalmar a wannan ma'ana ba sai 1987.

Mata da yawa ba su ga kansu a cikinta ba, suka riƙe lesbian. Adrienne Rich ta fitar da Twenty-One Love Poems a 1976, Audre Lorde kuma, baƙar fata 'yar New York, ta haɗa zancen launin fata da na jinsi a diwaninta The Black Unicorn na 1978. Sai cutar ƙanjamau ta zo a shekarun 1980, waƙar ta koma ta makoki. The Man with Night Sweats na Thom Gunn, 1992, jerin ta'aziyyar abokansa ne, a cikin baitoci masu tsari da amsa-amo irin na da. Kalmar da asalinta fara'a ce ta zama sunan jama'ar da ke binne matasanta.

A daidai wannan lokaci yaran makaranta a Amurka da Birtaniya suka mayar da ita zagi, mai nufin abin banza. A 2006 hukumar BBC ta saurari ƙorafi kan wani mai gabatar da shiri da ya kira sautin waya da ita. Wasu matasan marubuta kuma suka koma ga queer, tsohon zagin da ƙungiyar Queer Nation ta ɗauka a 1990, don a ganinsu gay ta ƙuntata.

A Najeriya

Dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, ban da hukuncin da ke cikin dokokin shari'a na jihohin Arewa, kuma malaman Musulunci da na Kirista mafi rinjaye suna ƙin lamarin. Duk da haka akwai masu rubutu a kai da Turanci. Romeo Oriogun ya ci gasar Brunel ta waƙoƙin Afirka a 2017, ya fuskanci barazana, daga baya ya koma Amurka. A 2022 diwaninsa Nomad ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG mai dala 100,000.

Hausa ba ta da kalma ɗaya da ta yi daidai da gay. Luwaɗi da maɗigo sunayen aiki ne, kuma suna ɗauke da hukuncin addini. Ɗan daudu kuwa ɗabi'a da sana'a yake nunawa, ba lalle wanda mutum yake so ba. Kafafen labarai na Hausa sukan ce "masu neman jinsi ɗaya" ko "masu auren jinsi".