Umarnin Kasablanka: takardar da ta ba Ingila dare, ta ba Amurka rana

A ranar 21 ga Janairu, 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira yaƙin Hitila, manyan hafsoshin sojan Birtaniya da na Amurka suka amince da wata 'yar gajeriyar takarda a unguwar Anfa da ke birnin Kasablanka na ƙasar Maroko. Shugabanninsu, Winston Churchill da Franklin Roosevelt, suna nan a otal ɗin Anfa suna taron da aka fara ran 14 ga wata aka tashi ran 24. Abin da aka fi tunawa da taron shi ne sanarwar cewa ba za a karɓi komai daga Jamus da Italiya da Japan ba sai miƙa wuya ba tare da sharaɗi ba. Amma wannan takarda, wadda ake kira Umarnin Kasablanka, ita ce tushen ruwan bama-baman da aka yi wa Jamus daga nan har ƙarshen yaƙin.

Ba doka ce ta majalisa ba, ba kuma yarjejeniya ce tsakanin ƙasashe ba. Umarnin soja ne. Tun bayan da Amurka ta shiga yaƙin a Disamban 1941, ƙasashen biyu suka kafa kwamitin haɗin gwiwa na manyan hafsoshinsu, wanda ke tsara yaƙin baki ɗaya da yardar shugabannin biyu. Wannan kwamiti ne ya fitar da umarnin, aka aika wa kwamandoji ran 4 ga Fabrairu. Mutum biyu ya fi shafa: Arthur Harris, mai riƙe da rundunar jiragen jefa bam ta Birtaniya, da Ira Eaker, kwamandan Runduna ta Takwas ta sojan saman Amurka da ke zaune a Ingila. Aka ɗora wa babban hafsan sojan saman Birtaniya, Charles Portal, alhakin duba aikin duka biyun.

Jimlar farko ita ce ƙashin bayan takardar. Ta ce babban aikinku shi ne ku riƙa rushewa da dagula tsarin soja da masana'antu da tattalin arzikin Jamus sannu a hankali, da kuma karya gwiwar mutanen Jamus har ta kai ba su da sauran ƙarfin ɗaukar makami. Daga nan sai ta jera inda za a fi ba ƙarfi, bi da bi: wuraren ƙera jiragen ƙarƙashin teku, masana'antun jiragen sama, hanyoyin sufuri, matatun mai, sannan sauran masana'antun kayan yaƙi. Jiragen ƙarƙashin teku sun zo farko ne saboda a lokacin suna nutsar da jiragen ruwan da ke kawo wa Ingila abinci da makamai ta tekun Atlantika.

Sai dai takardar ta bar ƙofofi a buɗe. Ta ce wannan jeri yana iya sauyawa gwargwadon yadda yaƙi ya juya. Ta ce akwai wuraren da ke da muhimmanci ta fuskar siyasa ko ta soja da su ma za a kai musu hari, ta ba da misali da sansanonin jiragen ƙarƙashin teku na gaɓar Faransa, da birnin Balin, wanda za a buga a duk lokacin da hakan zai sanyaya jikin abokan gaba ko ya ƙarfafa zuciyar Rasha. Ta ce a yi amfani da kowace dama a kai hari da rana, don a janye jiragen yaƙin Jamus daga fagen Rasha da na Bahar Rum. In sojan ƙasa sun tsallaka Turai, a taimaka musu. In kuma za a kai hari a ƙasashen da Jamus ta mamaye, sai an bi ƙa'idojin da gwamnatin Birtaniya za ta riƙa bayarwa saboda dalilan siyasa.

Wanda ya karanta wannan kawai zai zaci an yi shiri guda ne. Ba haka ba ne. An rubuta takardar ne don a raba gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin abokan biyu.

Ingilishi sun riga sun gwada rana sun ji a jikinsu. A Disamban 1939, jirage 22 suka isa gaɓar Jamus da rana tsaka, aka kakkaɓo 12. Suka koma dare. Dare kuma ya zo da tasa matsalar: matuƙi ba ya ganin abin da yake jifa. A Agustan 1941 wani ma'aikacin gwamnati, David Bensusan-Butt, ya duba hotunan da jiragen ke ɗauka lokacin sakin bam, ya gano cewa cikin jirage uku da suka ce sun kai hari, ɗaya ne kawai ya zo kusa da wurin da tazarar mil biyar. A yankin masana'antu na Ruhr, ɗaya cikin goma ne. Tun da ba a iya samun masana'anta guda cikin duhu, sai aka mai da birnin gaba ɗaya abin hari. Umarnin da Landan ta bayar ran 14 ga Fabrairu, 1942, ya faɗa a fili cewa ƙwarin gwiwar farar hula, musamman ma'aikatan masana'antu, shi ake nema. Mako guda bayan haka Harris ya karɓi aiki, kuma shi mutum ne da ya yi imani da wannan hanya har zuci.

Amurkawa kuwa sun zo da nasu imanin. Suna da jirgin B-17 mai bindigogi ta kowane ɓangare, suna da na'urar saiti ta Norden da suke tinƙaho da ita. A ganinsu jiragen za su tashi a jere suna kare juna, su zaɓi masana'antar da suke so da rana, su ragargaza ta. Matsalar ita ce sun fara aiki tun 17 ga Agusta, 1942, da hari kan tashar jirgin ƙasa ta Rouen a Faransa, amma har aka zo Kasablanka ba su jefa bam ko ɗaya a cikin Jamus kanta ba. Churchill ya ƙosa, yana so su haƙura su bi Ingilishi aikin dare. Da shugaban sojan saman Amurka, Henry Arnold, ya ji haka, sai ya kira Eaker ya taho Kasablanka. Eaker ya miƙa wa Churchill taƙaitaccen bayani, hujjar da ta fi kama shi kuma ita ce: in Ingila ta buga da dare, Amurka ta buga da rana, Jamus ba za ta sami lokacin shan iska ba. Churchill bai gamsu gaba ɗaya ba, amma ya janye. Kwana uku bayan tashi daga taron, ran 27 ga Janairu, jiragen Amurka suka buga Wilhelmshaven, tashar jiragen ruwa a cikin Jamus kanta.

Akwai kuma mutum na uku da bai zo taron ba, amma inuwarsa na kan teburin. Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya ce ba zai bar Mosko ba ana gwabzawa da Jamusawa a Stalingrad. Abin da yake nema ɗaya ne, a buɗe masa fage na biyu a yammacin Turai don nauyi ya ragu a kan sojansa. A Agustan 1942 Churchill ya je Mosko da kansa ya gaya masa ba zai yiwu ba a wannan shekara, kuma a cikin wannan zama mai zafi maganar jefa wa biranen Jamus bam tana cikin 'yan abubuwan da suka saki fuskar Stalin. A Kasablanka ma aka zaɓi mamaye tsibirin Sisili na Italiya, wanda ke nufin tsallaka Faransa sai wata shekara. To me za a nuna wa Rasha kafin nan? Jirage. Shi ya sa aka ambaci Balin da zuciyar Rasha a cikin umarnin soja. Bam ya zama kuɗin biyan bashin alkawarin da aka kasa cikawa.

A nawa ganin, jimlar farkon nan ba kuskuren alƙalami ba ce. Rabinta na farko, rushe masana'antu, na Amurka ne. Rabi na biyu, karya gwiwar jama'a, na Ingila ne. Aka ɗinke su aka bar kowa da kiwon da ya karɓe shi. Harris ma bai tsaya nan ba. Da ya maimaita jimlar cikin wasiƙarsa ga ma'aikatar sojan sama a Maris 1943, sai ya juya ta yadda rushe masana'antun ya zama hanya ce kawai ta kaiwa ga karya gwiwar jama'a. Da wannan karatu, kowane babban birni na Jamus ya shiga cikin umarnin.

Abin da ya biyo baya ya nuna tsadar wannan sulhu. An yi ta luguden wuta kan Lorient da Saint-Nazaire, garuruwan Faransawa, gidaje suka zama kufai, amma rumfunan kankare masu kaurin mitoci da Jamusawa suka gina wa jiragensu na ƙarƙashin teku suna nan daram. Harris ya buɗe yaƙin Ruhr da birnin Essen a farkon Maris. A ƙarshen Yuli ya juya kan Hamburg, inda a daren 27 ga wata gobarar unguwanni ta haɗe ta zama guguwar wuta mai tumɓuke itatuwa, mutane suka shaƙe a ɗakunan ƙasa da suka ɓuya. Kimanin mutum dubu 37 zuwa dubu 40 suka mutu a hare-haren wannan mako.

Su kuma Amurkawa rana ta gwada musu abin da ta gwada wa Ingilishi. Tun a Yuni aka yi wa umarnin kwaskwarima da wani sabo mai suna Pointblank, wanda ya sa karya ƙananan jiragen Jamus masu tare hanya a gaban komai, don ba yadda za a tsallaka Faransa suna shawagi. Ran 17 ga Agusta jirage 376 suka nufi garuruwan Regensburg da Schweinfurt na cikin Jamus, 60 ba su dawo ba. Ran 14 ga Oktoba aka koma Schweinfurt da 291, aka sake rasa 60. Kowane jirgi mutum goma ne a ciki. Dole aka dakatar da zurfafawa cikin Jamus sai da aka sami jirgin rakiya mai dogon zango, P-51 Mustang, wanda ƙirar Amurka ne da inji samfurin Rolls-Royce na Ingila. Nan kam ƙawancen ya haifi abu mai amfani. Daga Fabrairun 1944 aka fara cin ƙarfin sojan saman Jamus, kuma masana tarihi da yawa suna ganin wannan, tare da hare-haren matatun mai da layin dogo na shekarar, su ne suka fi tasiri, ba ƙona unguwanni ba. Gwiwar Jamusawa ba ta karye yadda Harris ya yi alkawari ba.

Sashen nan na ƙasashen da aka mamaye shi ma ya zo ya tayar da ƙura. Gab da mamayar Normandi, wato tsallakawar sojan ƙawance zuwa gaɓar Faransa, a Afrilun 1944, aka sa manyan jiragen ƙarƙashin jagorancin Janar Eisenhower, babban kwamandan mamayar, wanda ya so a ragargaza tashoshin jirgin ƙasa na Faransa da Beljiyam. Churchill ya ji tsoron yawan Faransawan da za su mutu da gabar da hakan zai bari, ya kai maganar gaban Roosevelt. A watan Mayu Roosevelt ya amsa cewa ba zai ɗaure hannun kwamandoji daga nesa ba, aka ci gaba. Farar hular Faransa aƙalla an yi muhawara a kansu. Na Jamus sai bayan harin birnin Dresden, inda kimanin mutum dubu 25 suka mutu a Fabrairun 1945, Churchill ya rubuta cewa ya kamata a sake duba lamarin. Rundunar Harris kanta ta rasa mutum 55,573 a tsawon yaƙin.

Mai karatu zai tambaya, shin doka ta yarda da wannan? A lokacin babu yarjejeniyar da ta ɗaure yaƙin sama kai tsaye. An tsara wasu ƙa'idoji a birnin Hague a 1923, amma ba su taɓa zama doka ba. Sai a 1977 aka toshe ƙofar, cikin Ƙarin Yarjejeniyar Janiba na Farko. Sashe na 51 ya haramta harin da babbar manufarsa ita ce firgita farar hula, ya kuma haramta a ɗauki wuraren soja da ke warwatse cikin gari a mai da su abin hari guda a yi musu ruwan bam tare da mazauna. Da yau ne, rabin jimlar Kasablanka na biyu, yadda Harris ya aiwatar da shi, ba zai tsallake wannan sashe ba. Nijeriya da Nijar suna cikin yarjejeniyar. Birtaniya ta tabbatar da ita a 1998. Amurka ta sa hannu, amma har yanzu ba ta tabbatar ba.