Limoges CSP

Limoges Cercle Saint-Pierre, wadda aka fi sani da Limoges CSP ko CSP kawai, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan ƙwallon kwando ce da ke birnin Limoges, a lardin Haute-Vienne na tsakiyar Faransa. Ta ci gasar Faransa sau 11, ta kuma ɗauki kofunan Turai guda biyar. Abin da aka fi tuna ta da shi shi ne nasarar 1993, shekarar da ta zama ƙungiyar Faransa ta farko da ta ɗauki babban kofin zakarun Turai a wasan da ake bugawa ƙungiya-ƙungiya. Limoges ba babban birni ba ne, kuma kafin ƙwallon kwando, da sana'ar tangaran aka san shi a duniya.

Asali

Ƙungiyar ta samo asali ne daga wata ƙungiyar matasa ta cocin Katolika na Saint-Pierre da ke tsakiyar birnin, daga nan ne ma sunanta ya fito. Shekarar 1929 ake ɗauka a matsayin shekarar kafuwarta. Ta shafe shekaru masu yawa tana buga ƙananan gasanni na yankinta. Al'amura sun fara sauyawa ne tun daga wajajen 1960, a hannun shugabanni biyu, Xavier Popelier da Jean-Claude Biojout, waɗanda suka yi ta hawa da ita mataki-mataki har ta shiga rukuni na ɗaya na gasar Faransa a 1978.

Shekarun 1980

A 1978 ɗin ne wani matashi mai suna Richard Dacoury, haifaffen Abidjan, ya shigo ƙungiyar. Bai bar ta ba sai 1996, kuma kusan duk kofin da ta ci a tsawon waɗannan shekaru 18 da hannunsa a ciki. Tare da shi akwai Apollo Faye, dogon ɗan wasa haifaffen Dakar wanda magoya baya suka ɗauka tamkar ɗan gari, da Jean-Michel Sénégal mai raba ƙwallo. A 1981 aka kawo Ba'amurke Ed Murphy. Ba shi da wani tsalle ko gudu na a zo a gani, amma hannunsa ba ya cika kuskuren kwando, kuma shi ya riƙa fin kowa maki a gasar Faransa a shekarun da ya yi a Limoges.

Da waɗannan 'yan wasa koci André Buffière ya ɗauki Kofin Korać a 1982, bayan doke Šibenka ta Yugoslaviya da ci 90 da 84 a birnin Padua na Italiya. Wannan ne kofin Turai na farko da wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Faransa ta taɓa ci. Shekara ta zagayo aka sake haɗuwa da Šibenka a wasan ƙarshe, wannan karon a Berlin ta Yamma, Limoges ta sake yin nasara da 94 da 86. A cikin 'yan wasan Šibenka na lokacin akwai wani yaro da bai kai shekara 20 ba, Dražen Petrović, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan gwanayen Turai. A gida kuma Limoges ta ci gasar Faransa sau uku a jere, 1983 da 1984 da 1985.

Zango na biyu na nasarorin ya zo ne a hannun koci Michel Gomez. Ƙungiyarsa ta gudu ce da yawan maki, da Don Collins da Clarence Kea da Stéphane Ostrowski a gefen Dacoury. Ta sha kashi a hannun Barcelona a wasan ƙarshe na Korać a 1987, amma a 1988 ta haɗa uku a kaka ɗaya: gasar Faransa, da gasar As ta manyan ƙungiyoyin Faransa, da Kofin Masu Riƙe da Kofuna na Turai, wanda ta karɓa a Grenoble bayan doke Joventut Badalona 96 da 89 a ƙarin lokaci. Ta riƙe kambun Faransa a 1989 da 1990, kuma a 1990 ta kai zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe a gasar zakarun Turai a Zaragoza, inda ta zo ta uku.

Nasarar 1993

A kakar 1991–92 ƙungiyar ta ɗauko Božidar Maljković, kocin da ya riga ya ci kofin zakarun Turai sau biyu da Jugoplastika ta Split. Ya tarar da ƙungiyar da ta saba da wasan burgewa, sai ya juya ta gaba ɗaya. Tsaron gida ya sa a gaba. A lokacin ana ba ƙungiya daƙiƙa 30 ta jefa ƙwallo, 'yan Limoges kuwa sukan riƙe ta har daƙiƙun su kusa ƙarewa kafin su nemi kwando, don kada abokan karawa su sami damar gudu. Hatta kalar riga an canza, daga kore zuwa rawaya da ja mai duhu. Mafi yawan makin na hannun Ba'amurke Michael Young ne. Sauran, irin su Jim Bilba da Willie Redden da Jure Zdovc da Frédéric Forte da Dacoury kyaftin, aikinsu hana abokin gaba sakat.

Ba a sa Limoges cikin waɗanda za su ɗauki kofin ba. Ta fitar da Olympiacos a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe bayan wasanni uku masu zafi, sannan ta tafi Girka, inda aka yi zagayen ƙarshe a zauren Piraeus da ke gefen Atina. Can ta gamu da Real Madrid ta Arvydas Sabonis, ta doke ta 62 da 52.

Ranar 15 ga Afrilu 1993 aka buga wasan ƙarshe da Benetton Treviso ta Italiya. Tauraron Treviso shi ne Toni Kukoč, wanda Maljković da kansa ya horar a Split. 'Yan Italiya ne a gaba har aka tafi hutun rabin lokaci. Bayan an dawo Limoges ta yi ta rage tazara sannu a hankali har ta kamo su. Ana saura ƙasa da minti ɗaya, Limoges na gaba da 57 da 55, ƙwallo ta shiga hannun Kukoč, kowa a zauren ya san shi zai jefa. Yana ɗaga ta Forte ya kai hannu ya fizge. Zdovc ya ƙara maki biyu, aka tashi 59 da 55. Young ne ya fi kowa maki a ɓangaren Limoges da 18. Duk da haka Kukoč aka ba kyautar gwarzon zagayen.

An yi muhawara a kan salon wasan. Kocin Treviso, Petar Skansi, ya soki yadda aka shaƙe wasan, wasu kuma suka ga darasi ne kan yadda ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi za ta kayar da manya. Makonni shida bayan haka, ranar 26 ga Mayu, Olympique de Marseille ta ci kofin zakarun Turai na ƙwallon ƙafa, shi ya sa mutanen Limoges ke yawan tunatar da cewa su suka riga. Ƙungiyar ta haɗa da gasar Faransa a 1993 da 1994, ta kuma sake kaiwa zagayen huɗun ƙarshe na Turai a 1995, inda Real Madrid ta rama.

Shekarar 2000 da faɗuwa

Kakar 1999–2000 ta zo da abin mamaki. Bashi ya yi wa ƙungiyar katutu, ana maganar rufe ta a tsakiyar kaka. 'Yan wasa, bisa jagorancin kyaftin Yann Bonato, suka amince a rage musu albashi don a ƙarasa. A ƙarƙashin koci Duško Ivanović, da Marcus Brown da Harper Williams da Frédéric Weis, suka ci Kofin Korać a kan Unicaja Málaga, suka ci Kofin Faransa, suka ci gasar ƙasa. Hakan bai hana hukumar gasar mayar da zakarun zuwa rukuni na biyu ba saboda matsalar kuɗi. Batun yadda aka tafiyar da asusun ƙungiyar ya kai gaban kotu.

Ta dawo rukuni na ɗaya a 2001, amma a 2004 ta durƙushe baki ɗaya, aka jefa ta rukuni na uku.

Farfaɗowa

Frédéric Forte, mai fizge ƙwallon 1993, shi ya karɓi shugabancin ƙungiyar a 2004. Ta hau rukuni na biyu a 2006, ta kai na ɗaya a 2010, ta sake faɗowa bayan kaka ɗaya, sannan ta ci rukuni na biyu a 2012 ta dawo. A wannan tsakanin aka koma ga koren riga na asali. A 2014 ta doke Strasbourg a wasannin ƙarshe ta zama zakara karo na goma, da Jean-Marc Dupraz a matsayin koci. A 2015 ta sake doke Strasbourg, wannan karon a hannun Philippe Hervé, a kakar da aka zaɓi Adrien Moerman gwarzon gasar.

Forte ya rasu ranar 31 ga Disamba 2017 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 47. Shekarun da suka biyo baya sun zo da saɓani tsakanin shugabanni da magoya baya da kuma ƙarancin kuɗi, har ƙungiyar ta sauya mamallaki a 2024.

Zauren wasa da magoya baya

Tun 1981 ƙungiyar ke buga wasanninta na gida a zauren Beaublanc, mai ɗaukar mutum kimanin 5,500. Rufinsa na katako ne mai lanƙwasa, kuma ihun 'yan kallo na amsa-kuwwa a cikinsa ta yadda baƙin 'yan wasa kan kasa jin umarnin kocinsu. Ko a shekarun da take rukuni na uku mutanen gari ba su ƙaurace wa zauren ba. An daina ba kowa rigar mai lamba 4 ta Forte, da 7 ta Dacoury, da 8 ta Murphy, don girmama su.

Babbar abokiyar hamayyarta ita ce Pau-Orthez, wadda suka yi ta fafatawa da ita a kan kambun Faransa a shekarun 1980 da 1990.

Kofuna

Gasar Faransa: 1983, 1984, 1985, 1988, 1989, 1990, 1993, 1994, 2000, 2014, 2015. Kofin ƙasa, wanda sunansa ya sauya a lokuta daban-daban: 1982, 1983, 1985, 1994, 1995, 2000. Gasar As: 1988, 1990. Kofin zakarun Turai: 1993. Kofin Masu Riƙe da Kofuna: 1988. Kofin Korać: 1982, 1983, 2000.