Wane ne mai arziki, wane ne matalauci?

Akwai ma'aunin talauci da duniya ta amince da shi?

Akwai, kodayake ba kowa ne ya gamsu da shi ba. A shekarar 1990 Bankin Duniya ya shata layin dala ɗaya a rana, ya ce wanda ke rayuwa ƙasa da haka yana cikin matsanancin talauci. An ɗaga layin zuwa dala 1.90 a 2015, ya koma dala 2.15 a 2022, sannan dala 3 a 2025. Ba da farashin kasuwar canji ake lissafin ba, ana duba abin da kuɗi ke iya saya ne a kowace ƙasa.

Wanda ya haye layin ya rabu da talauci ke nan?

A'a, kuma a ganina nan ne ma'aunin ya fi gazawa. A ɗauki mutum biyu da ke samun kuɗi daidai wa daida, sai ɗan kowannensu ya kwanta rashin lafiya a dare guda. Na farko ya taɓa ɗan abin da ya ajiye ya biya asibiti, gari ya waye ya koma bakin aikinsa. Na biyu ba shi da ajiya, ba shi da mai ranta masa, dole ya sayar da keken ɗinkin da yake ci da shi, daga ranar kuma samunsa ya tsaya cak. A takarda matsayinsu ɗaya ne, amma na farko yana da rufin asiri, na biyu kuwa hannu baka hannu ƙwarya yake yi, jarrabawa ɗaya ta isa ta kai shi ƙasa.

Da kuɗi kaɗai ake aunawa?

Masanin tattalin arziki Amartya Sen, wanda ya sami lambar Nobel a 1998, ya daɗe yana cewa talauci shi ne mutum ya kasa yin irin rayuwar da yake da dalilin so. Tun 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya da Jami'ar Oxford ke fitar da wani ma'auni mai duba lafiya, ilimi da yanayin zama: shin yara na zuwa makaranta, akwai ruwa mai tsafta, akwai wutar lantarki? Tarayyar Turai kuwa kwatantawa take yi da sauran jama'a, inda wanda samunsa bai kai kashi 60 cikin 100 na matsakaicin samu a ƙasarsa ba ake ɗaukarsa yana bakin talauci, ko da bai taɓa kwana da yunwa ba.

Mai albashi mai tsoka fa, mai arziki ne?

Ba lallai ba ne. Samu daban, dukiya daban. Dukiya ita ce abin da ya rage wa mutum bayan an cire bashin da ake bin sa, don haka wanda albashinsa ke ƙarewa wajen biyan bashi kafin wata ya raba, albashi biyu kawai za a riƙe masa a ga ya fara sayar da kayan ɗaki.