Tambayoyin Labarin Ƙasa da Na Gaji da Amsawa

Na amsa waɗannan tambayoyi har bakina ya yi tsami, shi ya sa na tara su wuri ɗaya domin wanda ya sake kawo ɗaya daga cikinsu in nuna masa nan.

Tambaya: Nahiyoyi nawa ne a duniya?

Amsa: Bakwai ne. Daga babba zuwa ƙarama, su ne Asiya, Afirka, Amurka ta Arewa, Amurka ta Kudu, Antaktika, Turai da Ostiraliya.

Tambaya: Da gaske duniya mulmulalliya ce?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Ku dubi inuwarta a fuskar wata lokacin husufin wata.

Tambaya: Kusantar rana ce ke kawo lokacin zafi?

Amsa: A'a, kuma ina roƙonku ku daina rubuta haka. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, da tazarar kilomita miliyan 147, daidai lokacin da Turai ke fama da sanyi, ta fi nisa kuma a farkon Yuli, da miliyan 152. Abin da ke faruwa shi ne duniya a karkace take da digiri 23 da rabi, don haka ɓangaren da ya fuskanci rana sosai shi ke samun zafi da doguwar yini.

Tambaya: Yaya zan gane ƙarfe nawa ne a wata ƙasa?

Amsa: To, wannan ita ce tambaya, kuma amsarta tana da "amma" da yawa. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, ko minti huɗu a kowane digiri. Ana fara ƙirge daga layin tsaye da ya ratsa Greenwich a Landan, wanda aka amince da shi a taron Washington na 1884, kuma shi ne tushen agogon GMT. In wurin yana gabas sai ka ƙara, in yana yamma sai ka rage. Bagadaza tana wajen digiri 44 gabas, saboda haka sha biyun rana agogon GMT ya yi daidai da ƙarfe uku a can.

Amma fa wannan lissafin rana ne, agogon ƙasa kuwa gwamnati ke yanke shi. Faɗin ƙasar Sin ya isa a raba ta shiyyoyin lokaci biyar, amma a hukumance agogon Beijing kaɗai ake bi, har ta kai a birnin Kashgar da ke can yamma agogo yana gaban rana da kusan awa uku. Indiya tana gaban GMT da awa biyar da rabi, Nepal da awa biyar da minti 45. Madrid tana yamma da Greenwich, duk da haka agogonta yana gaban na Landan da awa ɗaya. Ga kuma ƙasashen da ke matsa agogonsu gaba a lokacin zafi: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Ingila kanta ba ta kan GMT, sai tazarar Landan da Bagadaza ta koma awa biyu. In tafiyar ta ƙetare layin kwanan wata da ke wajen digiri 180 a tekun Pasifik, har ranar ma sauyawa take yi, kuma shi ma layin ana iya gusar da shi, domin ƙasar Samowa da ke tekun ta tsallake 30 ga Disamba 2011 gaba ɗaya da ta koma ɗaya ɓangaren. A jarrabawa ku yi lissafin digiri, kada ku ji tsoro, raba lamba da 15 ne kawai. In kuwa jirgi za ku hau, ku nemi agogon da ƙasar ke amfani da shi a wannan ranar.

Tambaya: Girinlan, tsibirin nan da ke can arewacin duniya, ta kai Afirka girma?

Amsa: Ko kusa. Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Taswirar da wani masanin taswira mai suna Mercator ya zana a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa ce ke kumbura duk ƙasar da ta yi nisa da ikweta, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Ba laifinku ba ne, ita aka saba rataye muku a bango.

Tambaya: Me ya sa mutane suka cunkushe a wasu wurare?

Amsa: Ruwa da ƙasar noma suke bi tun asali. Kusan kashi 95 cikin ɗari na mutanen Masar suna zaune ne kusa da kogin Nilu. Al'ummar duniya ta kai biliyan takwas a Nuwamba 2022 bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma fiye da rabinsu a Asiya suke.

Tambaya: Babban birnin Ostiraliya Sidni ne?

Amsa: Kanbera ne.