Mene ne kemo, kuma me ya sa yake jigata mara lafiya haka?

Idan likita ya ce za a fara wa mutum kemo, yana nufin za a yaƙi ciwon dajin da magunguna masu ƙarfi da ke bin jini su zaga ko'ina a jiki. Galibi ta jijiya ake ba da su, a cikin ƙarin ruwa, wasu kuma na haɗiya ne. Ba shi ne gashi ba, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, kodayake mutanenmu na yawan gwama su. Gashi na'ura ce ke auna wuri guda, tiyata kuwa cire ƙarin ake yi, kuma mutum ɗaya na iya bi ta duka ukun. A Amurka aka soma gwada kemo, a shekarar 1942, da wani sinadari ɗan'uwan gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ƙwayoyin daji saurin hayayyafa ne da su, maganin kuma duk ƙwayar da ke sauri ita yake bi. Matsalar ita ce akwai lafiyayyu masu irin wannan saurin: na tushen gashi, na cikin baki da hanji, da na ɓargo inda ake samar da jini. Shi ya sa bayan mako biyu zuwa uku za a ga suma ta zuba a kan matashin kai, baki ya yi gyambo, ƙanshin miyar da mutum ya fi so ya koma tayar masa da zuciya. Wani maganin ma ja ne, har fitsari yakan rina kwana ɗaya ko biyu.

A nan ne dangi ke karaya. Sai ka ji goggo ta ce, "Wai ni maganin nan magani ne ko ajali? Ku maido ta gida a nemi na gargajiya." Tausayi ne ya sa ta faɗa, amma katse kemo a tsakiya bai wa ciwon damar farfaɗowa ne. Ana yin sa ne zango-zango, sau da yawa duk bayan mako uku, don jiki ya samu sararin murmurewa, kuma kafin kowane zango sai an duba jini. Suma takan dawo bayan an kammala. Amai yana da magani. Idan wahalar ta yi yawa likita za a gaya wa, domin yana iya rage ƙarfin maganin ko ya ɗaga ranar.

Abin da ya fi zubewar gashi haɗari ba a ganinsa da ido. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zango garkuwar jiki kan yi ƙasa sosai. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a wannan lokacin na gaggawa ne, ko da tsakar dare. Kada a ce maleriya ce a aiki yaro kemis, farasitamol rufe alamar kawai zai yi. Mai jinya ya ajiye ma'aunin zafi kusa. Furar da aka dama da ɗanyen nono a haƙura da ita tukuna. 'Yan dubiya kuma, mu da ɗaki ke cika maƙil bayan La'asar, mai mura ya yi gaisuwarsa ta waya. Ba don ana ɗaukar daji ba ne, shi mara lafiyar ake karewa. Addu'a ba ta karo da kemo, amma jiƙo da sassaƙe na iya ƙara wa hanta da ƙoda nauyi, don haka a tambaya kafin a ba shi.

A da, neman gashin na'ura kan kai mutanen Katsina da Daura har asibitin Shika da ke Zariya ko Sakkwato ko Abuja. A 2025 an buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Tafiya ta ragu, kuɗin magani dai na nan da nauyinsa. Tun ranar farko a tambayi zango nawa za a yi da abin da kowanne zai ci, 'yan'uwa su raba nauyin, kada kuɗi su yanke a zango na uku.