Wane ne babban ɗan kwangila a harkar gini?

Da an ce ɗan kwangila, wasu sai su hango mai babbar riga da jaka yana zarya a ma'aikatu, ya karɓo takardar aiki ya sayar wa wani ya ci la'ada. Akwai irinsu, amma ba su ake nufi ba.

Babban ɗan kwangila shi ne wanda ya sa hannu da mai gini, wato wanda za a yi wa ginin, cewa zai miƙa aiki kammalalle, tun daga haƙar tushe har fenti, a kan kuɗi kaza cikin wata kaza. Kusan jingar da muka sani ce, sai dai wannan a rubuce take, kotu ma ta san da ita. Ba lallai ya iya ɗora bulo ba. Shi ke ɗauko birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi da mai wayarin, ya yanka wa kowa nasa, ya tsara wanda zai riga wani shiga. In dakin, wato rufin kankare, ya tsage, mai gini ba ruwansa da birkila, wuyan ɗan kwangila zai kama. Julius Berger da Dantata and Sawoe aikin da suke yi ke nan, girma ne kawai ya bambanta su da mai gina ajujuwa uku a ƙauye.

Ribarsa ita ce rarar da ke tsakanin kuɗin da ya yanka da abin da ya kashe, kuma a nan ake karyewa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu garuruwan Najeriya. Wanda ya yi lissafi da tsohon farashi, daga aljihunsa ya cika. Ga jinkirin biya, ga wani kaso da ake riƙe masa sai an ga gini ya yi watanni lafiya. Shi ya sa nake ganin wanda bai iya ƙididdigar kaya ba, kada ya tunkari sana'ar, ko da ya haddace gini.

Wasu kan shigo da digirin gini ko injiniya daga jami'a irin ta Ahmadu Bello, wasu daga lebura suka taso har suka zama shugaban ma'aikata. Aikin gwamnatin tarayya sai da rajistar kamfani, da takardar shaidar biyan haraji, da bin dokar ba da kwangila ta 2007. Masu farawa dai galibi katanga da shaguna suke samu, ko a yanka musu wani ɓangare a ƙarƙashin babban kamfani.