Rigakafin shaye-shaye a Arewacin Najeriya

Rigakafin shaye-shaye shi ne duk wani ƙoƙari na tare mutum tun kafin ya saba da kayan maye, wato wiwi, tramol, kodin, sholisho da ƙwayoyin bacci irin su roci. Ya bambanta da kame da kuma jinyar wanda abin ya riga ya kama, duk da a Najeriya hukuma ɗaya ce, NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi wacce aka kafa a 1989, take taɓa kowanne.

Shekara da shekaru maganar shaye-shaye a Arewa a baki kawai take, kowa da adadin da yake faɗa, sai da hukumar ƙididdiga ta ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi, UNODC, suka yi binciken 2018. Ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu a cikin shekara guda, wiwi ce kan gaba da miliyan 10.6, sai dangin tramol miliyan 4.6, maganin tari miliyan 2.4. Kudu maso Yamma ta fi Arewa maso Yamma yawan masu sha, abin da mutane da yawa ba su zata ba, amma Kano kaɗai ta haura miliyan ɗaya. Kuma a cikin masu sha huɗu ɗaya mace ce, to wannan ne ya sa wayar da kan da ake yi a majalisar samari da tasha kaɗai bai isa ba, dole sai an shiga gidajen biki da islamiyyun matan aure.

A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC. Kwalba ta yi tsada kam, sai dai hana kaya ba ya cire wa mutum dalilin da ya kai shi, zaman banza ne ko damuwar gidan aure ko aikin ƙarfin da ɗan dako yake son ya jure, sai kawai ya koma wata ƙwayar.

Ta fannin ilimi akwai shirin Unplugged da aka ɗauko daga Turai aka gwada a makarantun sakandare na tarayya, darasi 12 ne, kuma ba tsoratarwa ake yi ba, ana koya wa yaro yadda zai ce a'a in abokai sun matsa, ana gyara masa tunanin wai kowa ma yana sha. Shirin WADA, wato yaƙi da shan miyagun ƙwayoyi, da NDLEA ta ƙaddamar ran 26 ga Yunin 2021 ƙarƙashin shugabanta Buba Marwa shi kuma yana bi ta makarantu, masallatai, coci-coci da fadar sarakuna.

Nauyin al'umma shi ne ya fi wuya, don mai sayarwa ɗan unguwa ne an san gidansu, ɗan siyasar da ke saya wa 'yan banga ƙwaya lokacin kamfen shi ma an san shi. Iyaye kuma kunya kan sa su ɓoye yaro har abin ya yi nisa, daga nan a kai shi gidan mari. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, alhali akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa, Kware, Maiduguri da Dawanau da ke karɓar masu wannan lalura.